Buhu zai fara magana: makomar ƙunshin kaya a Adar da kwamfutar da za ta jure ƙurar Tawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar albasa ta Tamaske, ko ta Galmi, ko ta Tsarnawa a tsakanin Maris da Afrilu, ya san yadda ake cika buhu. Ana zuba albasa har baki, a girgiza, a ƙara, sa'an nan a ɗinka wani ƙyalle a sama a sake tulawa. Wannan ƙarin shi ake kira hula. Buhun kansa galibi tsohon buhun koko ne da ya gama aikinsa a Gana ko Kwaddibuwa kafin ya iso Adar, amma a nan sai a ɗora masa abin da ya haura kilo 100, sau da yawa 120 ko fiye. Ciniki kuwa da buhu ake yi, ba da kilo ba. Ke nan duk albasar da ta hau cikin hula daga gonar manomi ta fito, kuma ba wanda ya ƙirga masa ita.

Asarar ba ta tsaya nan ba. Buhu mai irin wannan nauyi sai an taru ake ɗaga shi, a jefa shi cikin kamiyo, a jera wasu bisansa. Albasar ƙasa ta murƙushe, ruwanta ya jiƙa ta kusa da ita, zafin hanya ya ƙarasa sauran. Tafiya zuwa Akara ko Abijan kwanaki ce, in an yi sa'a. In ba a yi ba, a tuna da watan Agusta na 2023, lokacin da aka rufe iyakoki, motocin albasa suka maƙale a hanyar Benin kayan na ruɓewa cikinsu. A kasuwannin Abijan kuma albasar Adar tana tarar da kishiya daga Holan: cikin buhun raga mai kilo 25, girmanta ɗaya, iska na ratsa ta, ga ƴar takarda ɗinke a baki tana faɗin wanda ya shirya ta da inda ta fito. Ba ta kai ta Galmi ƙamshi da yaji ba, masu girki sun san haka. Amma mai babban kanti ya fi son kayan da ya san nauyinsu tun bai buɗe ba.

Jahar Tawa ba ta rasa kaya ba: ga albasa, ga wake, ga cuku da kilishi, ga siminti. Inda riba ke zubewa shi ne wajen ɗura su da ƙunshe su. Ƙunshin da kasuwa za ta nema nan gaba kuwa ba hannu kaɗai zai yi shi ba, sai da inji, injin kuma yau ba ya motsi sai da ƙwaƙwalwar lantarki a cikinsa. Abin tambaya shi ne wace irin ƙwaƙwalwa ce za ta iya zama a garin da zafi ke wuce digiri 40, ƙura ke shiga ko'ina, wuta kuma ke zuwa tana komawa.

Mazubi ya zama takardar shaida

A da, aikin mazubi shi ne ya riƙe kaya kada su zube. Ƙwarya da faifai, salka, kwandon kaba, ganyen da ake ƙunsa goro, duk wannan aikin suke yi. Yanzu an ƙara masa wani: ya faɗi abin da ke cikinsa, nauyinsa, wanda ya yi shi, ranar da aka yi da ranar da zai lalace.

Baƙaƙen layukan nan da ake gani a bayan gwangwanin madara ko kwalin sabulu su ne mafari. An fara karanta irinsu a kanti ranar 26 ga Yuni 1974, a garin Troy na jahar Ohio a Amurka, bisa ƙunshin cingam. Irin da aka fi gani a nan yana da lambobi 13 a ƙarƙashi, kuma wata ƙungiya mai suna GS1 ke raba su. Lambobin farko suna nuna ƙasar da kamfani ya yi rajista: 615 Najeriya, 603 Gana, 618 Kwaddibuwa. Rajista fa, ba lalle inda aka ƙera kayan ba. Mutane da yawa na kuskure a nan. Waɗannan layuka lambar kaya kawai suke ɗauke da ita. Abin da ke tafe shi ne alamar nan mai kusurwa huɗu, QR, wadda kamfanin Denso Wave na Japan ya ƙirƙira a 1994, kuma duk mai wayar zamani ya saba ganinta. GS1 ta sa ƙarshen 2027 a matsayin lokacin da take son kantunan duniya su iya karanta irinta a wurin biyan kuɗi. Ita tana iya ɗaukar lambar rukunin kaya, ranar ɗuri, ranar lalacewa, har da adireshin intanet inda za a ga sauran bayani.

Me ya haɗa wannan da manomin Tabalak? A 2023 ƙungiyar OAPI, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha a ƙasashen Afirka 17, ta yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajista a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da ƙasar da suka fito. Ma'ana, ba kowa ne ke da izinin kiran albasarsa Violet de Galmi ba. Sai dai takardar rajistar tana ofis, a Yawunde da Yamai. Mai saye a Kumasi bai gan ta ba, buhu yake gani. In buhun bai ɗauke da alama ba, ko alamar ba ta komawa ga wani littafi da ke cewa wannan rukuni daga wace ƙungiyar manoma ya fito, wace rana aka auna shi, to sunan ya zama na kowa, albasar da aka noma a wata ƙasa daga irin Galmi kuma za ta ci gaba da cin kasuwa da shi. Wannan littafi kuwa yau kwamfuta ce.

An riga an taɓa ƙoƙari. Shirin PRODEX, wanda Bankin Duniya ya tallafa, tare da ANFO, ƙungiyar masu sana'ar albasa ta ƙasa, sun yi ta yaɗa buhun raga mai kilo 25 da mai 50. Karɓuwarsa a hankali take tafiya, dalilin kuma ba ɓoyayye ba ne. Wanda ke cin moriyar hula ba zai yi gaggawar sayen sikeli ba. Kuma muddin kuɗin mota da kuɗin tasha da na hanya ana lissafa su bisa yawan buhu, ɗan kasuwa zai fi son buhu ƙato, ko da ya san na ƙasa za su lalace.

Leda, da dokar da ke kwance

Sauyi na biyu ya shafi abin da ake yin mazubin da shi. Tun ranar 5 ga Nuwamba 2014 Nijar ke da doka mai lamba 2014-63, wadda ta hana ƙera ƴar siririyar ledar nan da shigo da ita da sayar da ita da amfani da ita. Wanda ya zagaya bayan kasuwar Tawa, ko ya dubi ƙayoyin da ke gefen hanyar Agadas, ya ga inda dokar ta kwana. Mahauta ma sun san abin da suke cirowa daga tumbin awaki da shanu. A wasu wurare an matsa: Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017, Legas ta hana robar kumfa ta zuba abinci a 2024. Tarayyar Turai ta yi doka mai lamba 2025/40, wadda za a fara aiwatarwa daga 12 ga Agusta 2026, kuma ta ce daga 2030 duk mazubin da zai shiga kasuwarta sai ya zama wanda za a iya sake sarrafawa.

Albasar Adar ba Turai take zuwa ba, gaskiya ne. Amma masu ƙera injuna da masu ƙera leda a Turai da Sin da Indiya za su bi waccan doka, kuma abin da suka ƙera shi ke isowa nan. Ƴar ledar madarar gari ko ta kofi da ake saye a tebur, in aka yage ta aka duba, ba abu ɗaya ba ce: leda ce, da ɓawon alminiyam, da wata ledar, an manne su. Ba ta rabuwa, saboda haka ba ta narkuwa a sake wani abu da ita. Inda aka nufa yanzu shi ne leda mai jinsi guda, kuma mai sirantaka. To amma irin wannan ba ta da haƙuri a bakin inji. In ƙarfen liƙi ya ɗan wuce zafi sai ta narke, in ya ɗan gaza sai bakin ya buɗe a hanya. Tsohuwar leda mai kauri tana yafe kuskure, sabuwar ba ta yafewa. Nan ne zancen tsabtar gari ya haɗu da zancen kwamfuta, domin injin da zai riƙe zafi daidai, dare da rana, sai mai ƙwaƙwalwa.

Ba kuma kowace leda ce abokiyar gaba ba. Buhun nan mai hawa uku na ajiyar wake, PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta yi aikinsa tare da masu binciken INRAN a Maraɗi aka kuma fara yaɗa shi daga 2007, leda biyu ne masu kauri cikin buhun saƙa. Ana ɗaure kowace da kanta, ƙwari su rasa iska su mutu, ba tare da an zuba guba ba, kuma buhun na kai kaka fiye da ɗaya in ba a huda shi ba. A gefe guda, takardar buhun siminti da masu nama suka daɗe suna ƙunsa kilishi da tsire a ciki takarda ce mai ruɓewa a ƙasa, amma ba wata hukumar abinci da za ta yarda da ita. Kilishin da ke son shiga kanti da sunansa mai rajista dole ya nemi wata riga.

Ƙwaƙwalwar da ke cikin inji

Ba sai an je nesa ba kafin a ga injin ƙunshi. Yana nan cikin unguwannin Tawa, a gidajen da ake ɗura ruwan leda, piya-wata. Ana sa masa naɗin leda, ya lanƙwasa ta kamar bututu, ya liƙe gefe, ya zuba rabin lita, ya liƙe baki, ya yanke, kusan sau dubu biyu a awa. Mafi sauƙinsu suna da ƴar na'ura mai nuna lambobi wadda ke kula da zafin ƙarfen liƙi. Sababbi suna da allo da cikakkiyar ƙwaƙwalwa. Ledar ruwan da ke ɗiga cikin kwando, wadda mai talla ke asarar dala biyar a kanta, sau da yawa wuta ce ta yi ƙasa a daidai lokacin liƙinta.

Babban misali kuma yana Malbaza, inda ake yin siminti tun cikin shekarun 1960, inda kuma sabuwar masana'antar MCC aka gina ta domin fitar da tan 650,000 a shekara. A masana'antun siminti na zamani, ɗuri na gudana ne a wani inji mai juyawa da bakuna da yawa. Ana soka buhu a baki, siminti ya shiga da ƙarfi, sikelin lantarki da ke ƙarƙashi yana ji, in an kusa kilo 50 a rage gudu, in an cika a datse, buhun ya faɗa bisa bel. Duk wannan cikin ƴan daƙiƙu. A yi lissafi: tan 650,000, in an ɗura shi duka a buhu, buhu miliyan 13 ke nan. Da a ce sikelin wata masana'anta mai wannan girma zai riƙa wuce ƙa'ida da giram 200 kacal a kowane buhu, a shekara ta ba da tan 2,600 kyauta, wato buhu 52,000. Da kuma gazawa yake yi, maginin Tawa ne zai biya. Ga masana'antar Badagishiri, ga tubalin da aka aza a Keita a 2018 domin ta Dangote. Dutsen farar ƙasa na Adar ya sa wannan lissafi ya zama na gida.

Abin da ke yanke hukuncin "datse yanzu" ba kwamfutar ofis ba ce. Wani akwati ne ƙarami, ba allo ba madannai, da masu sana'ar ke kira otomat, a littattafan Ingilishi kuma PLC. An ƙirƙiro shi a Amurka a ƙarshen shekarun 1960 domin masana'antun motoci na General Motors. Na farkon da ya yi suna shi ne Modicon 084 na Dick Morley da abokan aikinsa. Aikinsa ɗaya ne: ya karanta abin da na'urorin ji suka faɗa masa, ya duba umarnin da aka rubuta masa, ya buɗe ko ya rufe, sa'an nan ya sake, sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda. Kwamfutar ofis in ta tsaya tunani na daƙiƙa biyu, sakatare tsaki kawai zai yi. Otomat in ya yi haka, buhu ya fashe, ko hannun ma'aikaci ya shiga inda bai kamata ba. Shi ya sa ba a neman ya yi wayo, ana neman ya amsa a kan lokaci kullum, kuma ya yi shekara goma ko ashirin yana haka.

Ƙura, zafi da wuta

Waɗannan ukun su ne jarrabawar duk na'urar da ta shigo Adar, kuma takardar talla ba ta cika ambatarsu ba.

Kwamfutar ofis tana shaƙar iska da ƴar fanka domin ta huce. A lokacin hunturu, sa'ad da hazo ke rufe gari har rana ta koma kamar faifai, abin da take shaƙa ƙura ce. Ƙurar ta kwanta bisa allunan ciki kamar bargo, zafi ya kasa fita. In ƙurar siminti ce, da damina ta kawo laima sai ta daskare. Don haka kwamfutar masana'anta ta ƙwarai ba ta da fanka sam. Jikinta na alminiyam ne mai tsaga-tsaga, zafi na fita ta fata. A jikin irin waɗannan na'urori ana rubuta haruffa biyu da lambobi biyu, misali IP65. Lambar farko ta ƙura ce: 6 na nufin ba ta shiga ko kaɗan, 5 na nufin tana ɗan shiga. Ta biyu ta ruwa ce: 5 na nufin ana iya fesa mata ruwa da tiyo. Wanda zai sayi sikeli ko allon inji domin rumfar albasa, ya fara neman wannan rubutu kafin ya tambayi farashi.

Sai dai maganin ƙura yana tsokano zafi. Akwatin da aka toshe ko'ina tanda ne. Yawancin kwamfutocin ofis an yi su ne domin ɗakin da bai wuce digiri 35 ba. A Tawa, a Afrilu da Mayu, inuwa ma ta wuce 40, ballantana ƙarƙashin rufin kwano, ballantana cikin akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin rufin. Masu aikin lantarki suna da wata ƙa'ida game da kondansate, ƴan gwangwanayen nan da ke tara caji a kowane allo: duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwarsu biyu. Wanda zai yi shekara goma a digiri 35, biyar zai yi a 45, biyu da rabi a 55. Injin da aka ce "ba ya da inganci" domin ya mutu a shekara ta uku, wani lokaci ba laifin maƙerinsa ba ne, an dafa shi ne. Akwai na'urorin da aka ƙera su jure har digiri 60 ko 70, suna da tsada. Akwai kuma dabaru masu araha da ake rainawa: kada a jingina akwatin da bangon yamma, a shafa masa farin fenti, a ɗaga rufi, a hure matatar iska duk mako.

Ƙananan abubuwa ma na da nasu. Idon lantarkin da ke ganin alamar yanka a jikin leda, in ƙura ta rufe shi, inji ya makance. Takardar manni irin ta rasit, wadda zafi ke rubuta ta ba tawada ba, in ta kwana uku bisa kamiyo cikin rana sai ta yi baƙi ko ta goge, alamar QR ta tafi, duk wahalar rajista ta bi iska. Irin da ake bugawa da zaren tawada ita ke jure hanya.

Wuta kuwa labarinta sananne ne. Layin Nigelec da ke ciyar da Damagaram da Maraɗi da Tawa ya daɗe yana dogara da wutar da ke shigowa daga Katsina ta Gazawa, kuma kowa ya ga abin da ya faru a Agustan 2023 da Najeriya ta katse. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, da aka buɗe a Nuwamban 2018, ta taimaka, amma da rana take aiki. Gawayin Salkadamna kuma an daɗe ana zancensa. Ga inji mai ƙwaƙwalwa, ɗaukewar wuta ba ita ce mafi muni ba. Mafi muni ita ce wutar da ke rawa, ta yi ƙasa ta yi sama, da bugun da ke zuwa lokacin da aka mayar da ita ko aka tada gurup. Abin daɗin shi ne ƙwaƙwalwar ba ta da ci. Mota da ƙarfen liƙi su ne masu shan wuta. Otomat da sikeli da allo galibi bolt 24 suke so, abin da farantin hasken rana ɗaya da batir za su riƙe. In aka raba musu layi, wuta ta tafi, inji ya tsaya, amma lissafin buhunan ranar bai ɓace ba. Batirin shi ma ba ya son zafi, an yi shi ne domin wajen digiri 25. Kuma wayar da ake binnewa a ƙasa domin kare na'ura daga tsawa ba ta aiki sosai a busasshen yashi. Dole a zurfafa ta, a kuma riƙa auna ta kafin damina.

Saura hanyar sadarwa. Kamfanoni da yawa yanzu na sayar da injuna masu aika komai zuwa manyan kwamfutocinsu na nesa ta intanet, daga can a yi lissafi a dawo da amsa. A Holan, injunan tantance albasa na ɗaukar hoton kowace ɗaya, wasu har suna haska ta da wani haske da ke nuna ruɓar ciki. Abin sha'awa ne. Amma a Abalak ko Keita, inda rezo ke zuwa yana ɓacewa, tsarin da ba ya aiki sai da intanet tarko ne. Wanda ya dace shi ne mai yin lissafinsa a wurin, ya ajiye, in rezo ya dawo ya aika.

Wa zai gyara?

Inji na mutuwa a rana ɗaya, amma abin da ke kashe sana'a shi ne watannin jiran gyara. Sau da yawa abin da ya ƙone bai fi tafin hannu ba. Sai a tarar umarnin da ke cikin otomat an kulle shi da kalmar sirri, wanda ya sayar ya tafi da ita. Allon yana magana da Sinanci. Takardar zanen wayoyi ba ta zo ba. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, kayan da ke bin Kwatano sun koma dogon zagaye ta Lome da Burkina, ko a nemo su a Kano. Saboda haka yarjejeniyar saye ta fi injin muhimmanci: a karɓi kalmar sirri, a karɓi kwafin umarnin a ajiye a wuri biyu, a karɓi zane da Faransanci, a sayi na'urorin ji da ƙarfen liƙi na ajiya tun ranar farko, a kuma zaɓi irin otomat ɗin da ake samu a kasuwannin yankin, ba wanda babu mai shi sai kamfani ɗaya a duniya ba.

Masu hannu akwai su, haɗa su ne ba a yi ba. Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa na koyar da kwamfuta ta fannin gudanarwa a cibiyarta ta IUT. Lantarkin masana'antu ana koyonsa a IUT ta Maraɗi da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa, da EMIG a Yamai. A kasuwar Tawa kuma ga samari masu gyaran waya da ke iya cire abin da bai kai ƙwayar gero ba su mayar da wani. Ga ƴan Adar da suka yi shekaru suna bida a Abijan, wasunsu a masana'antun Yopugon. Wanda masana'antar ƙunshi ke nema yana tsakanin waɗannan duka: ya san waya, ya san ƙarfe, ya iya karanta umarnin otomat.

Akwai kuma ladabin da ake koya wa duk wanda ke kusa da inji. A 2010 aka gano Stuxnet, wata cutar kwamfuta da ta lalata injunan nukiliya na Iran ta hanyar ruɗar otomat ɗin Siemens, kuma ta ƴar kile USB take yaɗuwa. Ba wanda ke shirya wa injin ruwan leda irin wannan makirci. Amma kilen waƙoƙi da aka soka a kwamfutar sikeli, ko wayar da aka sa caji a jikin allon inji, sun isa su tsayar da aiki.

Abin da ya dace da arewacin Adar

Ba kowane gari ke bukatar layin inji irin na Malbaza ba. Albasa kaka gare ta. Injin miliyoyi da zai yi wata uku yana aiki, tara yana shan ƙura, bashi ne kawai. Matan da ke yin cuku a Abalak da Cintabaradan, wanda ke karyewa cikin leda kafin ya iso Yamai, abin da zai canja musu ciniki bai wuce ƙaramin injin zuƙe iska da liƙi ba, da kwali mai tauri, da takarda mai suna da kwanan wata. A tashar albasa kuma: sikelin lantarki mai ajiye lissafi, injin ɗinkin buhu na hannu, na'urar buga takardar manni, waya ɗaya, farantin rana da batir a inuwa. Ƙungiyar manoma na iya mallakarsu tare, in albasa ta ƙare a auna wake da su.

Sikelin lantarki ma yana iya ƙarya, in an koya masa. Nan ne aikin ANMC, hukumar ƙasa mai kula da ƙa'idojin kaya da awo, ya shigo: a gwada sikeli da duwatsun awo na gaskiya, a buga masa hatimi, a dawo a sake dubawa. In ba haka ba, hular da aka cire daga bakin buhu za ta koma cikin na'ura, inda manomi ba zai ma gan ta ba. Haka kuma littafin da ke cewa wane ya kawo buhu nawa, ya kamata ya zauna hannun ƙungiya, kowane mai kaya kuma ya tafi da rasit ɗinsa.

Masu tsoron inji zai kori ƴan dako da masu ɗinki su dubi lissafin mota ɗaya. Kamiyo mai ɗaukar tan 30, buhu 250 yake ci in kowane na da kilo 120. In aka koma buhun kilo 25, buhu 1,200 ke nan. Kowane sai an tsince ruɓaɓɓu daga cikinsa, an auna shi, an ɗinke, an manna masa takarda, an jera. Sikelin da ke wannan rumfa zai yi awo sau 1,200 kafin direba ya tada mota, a tsakiyar Afrilu, iska na kwaso ɓawon albasa da yashi tana watsa masa, ga kuma wasu motoci biyar a layi suna jira.